Ƙofofin Kunjippa Sun Sha Damina

A Nilambur kana iya yi wa mutum ƙarya a kan shekarunka, ko albashinka, ko girman kifin da ya kuɓuce maka a kogi, ya gyaɗa kai ya ƙyale ka. Amma ba a yi mana ƙarya a kan katako. Garin da yaro ke tashi a tsakiyar gonakin icen tik mai katako mai tsada, tsohuwar da idonta ya mutu ma in ta shafa ƙofa za ta gaya maka ko tik ne ko ba shi ba ne. Kunjippa ya san haka, don a nan aka yanke masa cibiya. Sai dai shekara ashirin da ɗoriya da ya yi a Sharja, can ƙasar Larabawa, yana auna shinkafa da dabino a kantin yayan matarsa, sun sa ya dawo yana ganin kowa a garin baƙauye ne.

Da rani ya dawo, da agogo mai nauyi, da baƙin tabarau, da shiri a kansa. A rumfar shayin Chatukutti ya fara zazzage shirin.

"Ku mutanen nan kuna zaune a kan arziki kuna hamma," in ji shi. "Ruwan nan da kuke tsine wa duk shekara, akwai masu biyan kuɗi su zo su gan shi. Da idona na ga Balarabe ya tsayar da mota a tsakiyar titi don an fara yayyafi, ya fito yana hawaye."

"Wataƙila motar ce ta lalace," in ji Chatukutti, yana jan shayi daga wannan kofi zuwa wancan.

"Masauki zan gina. Ɗaki uku a saman gidana. Mutum ya taso daga birni, ya zauna a baranda ya kalli damina, in kai shi matsirgar da ruwa ke faɗowa daga dutse, in zagaya da shi gonar tik, ya ci ya sha ya koma yana ba da labari."

Tomachan direban jif ya aje kofinsa. "Mu ma ai kallon ruwan muke yi tun haihuwa, ba wanda ya taɓa ba mu rupi ɗaya."

"Don ba ku da baranda," in ji Kunjippa.

A gida abin bai zo da sauƙi haka ba. Biyyatu matarsa ita ta raini 'ya'ya ita kaɗai, ta aurar da biyu, ta riƙe awaki da 'yan bishiyoyin kwakwa duk shekarun nan ba tare da baranda ba. Tana kankarar kwakwa ta saurare shi har ya gaji don kansa, sannan ta ce, "Yaya Moidutti ya ce zai riƙe maka gurbinka a kanti har ƙarshen damina. Ga yadda za mu yi. Baƙinka na farko in sun cika kwanakinsu suka tafi suna godiya, ka zauna a gida. In sun gudu, ka bi bayansu har filin jirgi."

Kunjippa ya yi dariya ya ce ta fara neman mai taya ta girki, don baƙi za su yi mata yawa. A rumfar shayi Sharja aljanna ce. A gaskiya kuwa gado ne na sama a ɗakin da maza ke cunkushe, da gwiwoyin da suka daina son ɗaukar buhu, da azumin da ake shan ruwa a tsaye bayan kanta. Bai taɓa gaya wa kowa ba, kuma ya gwammace ya mutu da ya faɗa.

Gini ya tashi. Ya shimfiɗa tayil mai sulɓi, ya rataya fitila mai kwalabe kamar ta masallacin Juma'a, ya yi wa baranda ƙarfe mai lanƙwasa. Da aka zo kan ƙofofi sai ya tarar abin da ya rage a hannunsa ba zai sayi tik na gaske ba, kuma in ya je wurin masu yankan katako na gari, kafin la'asar kowa ya san iyakar aljihunsa. Sai ya haura duwatsu ya tafi wani gari mai nisa inda ba ruwan sama sosai, ya sami wani dillali mai ƙofofi ja-ja masu sheƙi, da zanen furanni a jiki. Dillalin ya fara rantsuwa cewa tik ne, Kunjippa ya ɗaga masa hannu.

"Ni za ka gaya wa? Ɗan Nilambur ne ni."

Ya rufe ido, ya kai hanci jikin ƙofa, ya shaƙi fenti har cikin ƙirjinsa, ya ce a loda.

Ranar da aka kafa su, maƙwabta suka hau kallo. Chatukutti ya ƙwanƙwasa ɗaya da gaɓar yatsa, ya kasa kunne, ya sake ƙwanƙwasawa.

"Yaya ka ji?" in ji Kunjippa.

"Na ji."

"Tik ne na farko."

"Allah ya sa mu ga damina lafiya," in ji Chatukutti, ya sauka.

Abin da kowa ya sani shi ne tik yana da mai a jikinsa, ba ya shan ruwa. Damina ta zo ta wuce, yana nan yadda yake. Sauran itace kuwa suna sha su kumbura kamar wake a tukunya. Shi ya sa ba wanda ya yi gardama da Kunjippa. Gardama ta rani ɓata baki ce.

Damina ta sauka yadda ta saba, ba sallama. Bango ya yi gansakuka, gishiri ya narke a kwano, tufafi suka daina bushewa. Cikin mako na biyu baƙi suka iso, waɗanda suka ga hoton barandar a waya: wani dattijo siriri mai suna Sundaresan, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa daga birnin Chennai, da matarsa Kamalam, mace mai jiki da idon da ba ya ƙyale komai. Mako guda suka ce za su yi.

Kunjippa ya tarye su da lema biyu, ya hau da su, ya murɗa hannun ƙofar ɗakinsu. Ƙofa ta tsaya. Ya yi murmushi ya sake murɗawa. Ya ja da baya kaɗan ya sa mata kafaɗa, ta buɗe da ƙara, shi kuma tayil ya kwashe shi har bakin gado.

"Haka tik na gaske yake, yallaɓai," ya ce yana miƙewa. "Nauyi gare shi. Ƙofar da ke buɗuwa da yatsa ɗaya ai faranti ce."

"A gidanmu farantai gare mu ke nan," in ji Kamalam.

Washegari ƙofar ta ƙi rufuwa gaba ɗaya. Kunjippa ya zaunar da baƙi a baranda, ya ce kada su motsa, yanzun nan ruwa mai kyau zai zo daga wajen dutse. Ya aro makankarin kafinta a ɓoye cikin buhu, ya durƙusa, ya goga a gefen ƙofa. Abin da ya naɗo ya faɗo a gabansa fari ne sol, kamar ɓararren rogo. Ya ɗauka ya shinshina. Wannan karon ba fenti a kai, kuma hancinsa na ɗan Nilambur ya gaya masa gaskiya.

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya kankare sauran da sauri, ya bi sauran ƙofofin ɗakuna ya rage musu gefe, ya tattara ɓawon a cikin zanensa, ya shafa jan fenti a inda ya yi fari. Ƙofar banɗakin baƙi ce kawai bai kai gare ta ba, don Kamalam ta fara leƙowa. Ya sauka kicin yana tura ɓawon a murhu sai ga Biyyatu a kansa.

"Me kake ƙonawa, maigida?"

"Tsofaffin takardu."

"Takardun nan warin icen mangwaro suke yi."

"Hancinki ne. Mura ce za ta kama ki."

Ta dube shi, ta dubi murhu, ta ci gaba da yanka albasa.

Fenti ba ya bushewa da damina, wannan ma kowa ya sani. Kafin azahar Kamalam ta sauko riƙe da gefen dogon zanenta na sari mai ruwan ƙwai, da jan layi tun daga kafaɗa har ƙugu.

"Malam mai masauki, mene ne wannan?"

Kunjippa ya duba da kyau, ya gyaɗa kai kamar likita. "Kin yi sa'a, uwargida. Man icen ne. Tik mai kyau yana zufa da damina. Magani ne ma, yana korar ciwon gaɓɓai."

"Zai fita?"

"Ciwon? Sosai."

Don a mantar da zancen ya sa ranar zuwa matsirga ta matso, ya kira Tomachan. A bakin daji inda jif ba ta wucewa, Tomachan ya miƙa wa kowa ƙullin gishiri da garin taba a tsumma, a riƙa shafawa a ƙafa saboda matsattsaku. Baƙi suka karɓa suka shafa har gwiwa. Kunjippa ya ture nasa.

"Wannan na baƙi ne. Matsattsakun dajin nan sun san jinin 'yan gari, ba sa taɓa mu."

"Sun manta ka, Ɗan Sharja," in ji Tomachan. "Za su so su sake sanin ka."

Ya shige gaba da farin zane da takalmi mai sheƙi, yana nuna bishiyoyi da lema yana ba su shekaru yadda ya ga dama. A gefen hanya akwai gungumen tik da aka sare aka jibge. Kamalam ta tsaya ta goga tafin hannunta a jikin ɗaya, ta duba hannun, ta sake gogawa.

"Wannan bai yi zufa ba."

"Bai nuna ba tukuna," in ji Kunjippa, ya ƙara sauri.

Matsirgar kam ba ta ba shi kunya ba. Ruwa na faɗowa daga kan dutse fari fat, ƙararsa ta hana kowa jin abin da Kunjippa ke cewa, wanda shi ne lokaci mafi daɗi da baƙin suka samu tun zuwansu. Sundaresan ya cire tabarau ya tsaya a cikin feshin ruwan, bakinsa a buɗe kamar yaro. Har Kamalam ta yi murmushi. Kunjippa ya ga murmushin ya ji gadon Sharja ya yi nisa.

A hanyar dawowa ne Kamalam, da ke bayansa, ta ce, "Malam, zanenka da fari ne ko mai fure?"

Ya duba. Daga gwiwa zuwa ƙasa ja ne ɗigo-ɗigo. Ya ɗage zanen, ya ga matsattsakun gari sun yi masa maraba tun daga idon sawu har inda ba a nunawa a gaban baƙi, kowace ta ƙoshi ta yi luƙui. Tomachan ya zauna a kan dutse yana zuba musu gishiri ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa kowace sannu da aiki.

"Da gangan nake bari," in ji Kunjippa, yana kallon sama. "Suna tsotse mugun jini. A Sharja kuɗi ake biya."

"A Sharja komai kuɗi ake biya," in ji Tomachan. "Ɗaga ɗaya ƙafar."

Suka iso gida da la'asar, a jiƙe, da laka har cinya. Sundaresan ya ɗauki tawul ya shiga banɗaki. Ƙofar ta ƙi shiga gurbinta, shi kuwa mutum ne mai kunya, sai ya kama hannunta da hannu biyu ya ja da iya ƙarfinsa. Ta shiga. Ya yi wankansa a natse, ya ɗaura tawul, ya tura. Ya sake turawa. Ya jingina duk ƙashinsa a kai, wanda bai fi nauyin ɗan akuya ba.

"Kamalam," ya ce a hankali, "ki gaya wa mai masauki jirgi ya tsaya."

Ƙofar ta waje take buɗuwa, don haka kafaɗa ba ta da amfani. Kunjippa ya ja, Tomachan ya ja, suka haɗu suka ja. Tagar banɗakin kuwa ko kyanwa sai ta yi dabara. Kamalam ta ce a kawo gatari.

"Gatari?" Kunjippa ya dafe ƙirji. "Uwargida, wannan ƙofa ai gado ce ta jikoki. Ba a sa wa tik gatari."

Abin da bai faɗa ba shi ne, fenti a waje kawai yake.

Labari a garinmu ba ya jin ruwan sama. Kafin a jima rumfar shayi ta tashi gaba ɗayanta ta dawo tsakar gidan Kunjippa, lema na gogar lema, wasu sun hau matakala sun jeru. Chatukutti ya zo da butar shayinsa, tunda masu saye sun ƙaura.

Aka fara da man kwakwa. Kunjippa ya tsiyaya kwalba guda a gefen ƙofa, man ya bi ƙasa ya malale a kan tayil, mutum uku suka zauna ba da niyya ba. Ƙofa ta sha abin da ta sha ta ƙara ƙiba.

Aka kwance kusoshin da ke riƙe da ita ta gefe. Ta tsaya da ƙafarta, ba ta ma san an kwance ba.

"Yallaɓai, kana lafiya?" in ji Kunjippa ta jikin katako.

"Lafiya lau. Na saba da jira, aikina ke nan shekara da shekaru. Sai dai mu a tasha mukan sanar da mutane ko sai yaushe."

"Yanzun nan."

"Mu ma haka muke cewa."

Kamalam ta ce mijinta yana da ciwon suga, in bai ci wani abu ba jiri zai ɗauke shi, ga shi daga shi sai tawul. Aka ɗaure ayaba a kan dogon gora aka miƙa ta taga daga tsakar gida. Hannu siriri ya fito ya karɓa, aka yi tafi kaɗan. Jim kaɗan hannun ya sake fitowa da ɓawon, yana neman inda zai aje.

"Abin ai ilimi ne," in ji Kunjippa, ya juyo ga jama'a. "Ruwa ya shiga, wuta za ta fitar da shi."

Ya sa aka hau da kasko cike da garwashin ɓawon kwakwa, ya aje a gindin ƙofa, ya kama fifita da murfin tukunya. Ɓawon a jiƙe yake. Hayaƙi ya tashi fari, ya nemi hanya, ya samu ta ƙarƙashin ƙofa. Fenti ya fara tafasa yana ƙuraje. Daga tsakar gida aka ga hayaƙi na fita ta tagar banɗaki, ga tari na biye da shi.

"Yanzu kam ya zama jirgi sosai," in ji wani a ƙasa.

Kamalam ta sa ƙafa ta ture kaskon, Tomachan ya kwara masa ruwa, toka da man kwakwa suka haɗu suka zama wani abu da ba shi da suna.

"Saura dabara ɗaya," in ji Kunjippa, ido ya yi ja. "Tomachan, kawo igiyar jif."

"Ɗan Sharja, ka bari."

"Ka taɓa ganin yadda ake jan mota daga yashi? Ni na gani."

Aka ɗaure igiya a hannun ƙofa, aka bi da ita ta cikin ɗaki, ta ratsa ƙarfen baranda, ta sauka har gindin jif. Jama'a suka ja da baya. Kunjippa ya tsaya a baranda ya ɗaga hannu kamar mai sallamar jirgin sama, ya sauke. Jif ta yi gurnani, igiya ta miƙe. Hannun ƙofar ya fita shi kaɗai, ya wuce ta gefen kunnen Kunjippa, ya maƙale a lanƙwasar ƙarfen baranda, ƙarfen ya yi tunani kaɗan sannan ya bi jif har bakin titi.

Ƙofa tana nan.

Sai aka ji takun Biyyatu a matakala. Mutane suka manne da bango suka ba ta hanya, don gatarin faskarenta ne a hannunta, kuma an san ta da shi.

Kunjippa ya sha gabanta ya buɗe hannuwa. Ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji. "Biyyatu, in kika sara, na tafi Sharja."

"In ban sara ba, kurkuku za ka. Tsohon mutane ya daina tari, ba ka ji ba? Matsa."

Ya matsa.

"Baba, koma bayan bokiti," ta ce wa na ciki. Sara na farko ya shiga kamar a cikin kabewa. Na uku ya tsaga ƙofar tun daga furen sama har ƙasa, ta buɗe gida biyu, cikinta fari tas a gaban duk wanda ke da ido a Nilambur. Sundaresan ya fito ta tsakiya, riƙe da tawul da hannu ɗaya, da ɓawon ayaba a ɗayan, ya yi wa Biyyatu gaisuwa da kai. Kamalam ta lulluɓe shi da bargo.

Chatukutti ya sunkuya ya ɗauki tsagi ɗaya. Ya shinshina, ya miƙa wa na bayansa. Tsagin ya bi matakala hannu zuwa hannu, hanci zuwa hanci, har tsakar gida. Can ƙasa wata tsohuwa ta ce, "Mangwaro."

"Wane iri, Inna?"

"Mai tsamin nan da ake jiƙawa da gishiri."

Kunjippa ya gyara tsayuwa a bakin barandar da ba ta da ƙarfe, jini a zane, toka a fuska. "Farin tik ne," ya ce. "Sabon iri. Ba ku san shi ba a nan. A Sharja shi ake yayi."

"A Sharja ana ruwa?" in ji Chatukutti.

Ba wanda ya yi dariya a lokacin. Mutanenmu suna da tarbiyya, sai da suka kai bakin titi.

Baƙi ba su kwana ba. Tomachan ya kwance ƙarfen baranda daga gindin jif ya loda akwatunansu. Sundaresan ya ce matsirgar ta yi kyau ƙwarai, kuma ba zai manta banɗakin ba, don ya san shi fiye da ɗakin da aka haife shi. Kamalam ta wuce Kunjippa. Hannun Biyyatu ta riƙe ta ce, "'Yar'uwa, Allah ya ba ki lada." Ba ta faɗi ladan me ba.

Da magariba Biyyatu ta kira yayanta a waya a gaban Kunjippa. Magana ba ta yi tsawo ba.

Kwanakin da suka biyo baya ya ci gaba da zuwa rumfar shayi, don rashin zuwa ya fi zuwa ciwo. Ya ce Moidutti ne ya matsa masa da roƙo, kanti ya rikice tun da ya taho, Larabawa suna ta tambayar ina Kunjippa. Ya ce dama garin nan ya yi masa ƙanƙanta. Chatukutti ya riƙa zuba masa shayi yana ƙara masa suga ba tare da an tambaya ba, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, kuma wannan ya fi duk wata dariya yi wa Kunjippa zafi. A gida Biyyatu ta soya ayaba ta ƙulle, ta cika kwalba da yaji, ta wanke zanensa har jinin ya fita. Shi kuwa ya rage cin abinci, yakan tsaya a bayan gida yana kallon ruwa na zuba daga ganyen kwakwa, abin da ya ce sai baƙi ke biya su gani.

Ranar tafiya da safe ya ce zai hau sama ya ɗauko akwati. Ya shiga ɗakin ƙarshe, ya tura ƙofa. Wannan ita ce wadda ya fi kankarewa ranar da ya ga farin ɓawo, har ta zama tana rufuwa da iska, ga tazara a gefe da mutum zai zura yatsu. Ya tsaya yana kallon ta. Sannan ya zura sakata, ya zauna a kan akwati.

Tomachan ya iso ya danna ham. Ya sake dannawa.

"Maigida," Biyyatu ta kira daga ƙasa, "mota."

"Ƙofa ta kumbura," ya ce. Muryarsa ta fito ƙarama, ya yi gyaran murya ya sake faɗa da ƙarfi. "Ta kumbura, ta ƙi buɗuwa."

Ya ji takunta a matakala, ya ji wani abu mai nauyi yana bugun kowane tsani. Ta ƙarƙashin ƙofa ya ga ƙafafunta, da bakin gatari ya sauka a kan tayil kusa da su. Ta tazarar gefe ya ga idonta ɗaya. Idon ya dubi sakatar da ke kwance a gurbinta tana sheƙi, ya dubi akwati, ya dubi mutumin da ke kai, da safa a ƙafa da fasfo a aljihun gaba. Kunjippa bai kau da kai ba, don ba inda zai kai shi.

Tomachan ya sake danna ham. "Yaya Biyyatu, in ba mu tashi yanzu ba jirgi zai tafi ya bar shi."

Ƙafafun suka daɗe a wurin. Sannan bakin gatari ya ɗaga, takun ya nufi baranda.

"Tomachan, tafi abinka," ta ce. "Ƙofa ta riƙe shi."

"To ki sara mana, ga gatari a hannunki."

"Wannan ba ta saruwa. Tik ce."

Tomachan ya ɗaga kai. "Tik?"

"Ta farko."

Tomachan ya yi tari sau biyu, ya ta da mota, ƙararta ta yi nisa har ruwa ya haɗiye ta.

Takun ya dawo bakin ƙofa. "Saurara da kyau," in ji Biyyatu, "don ba zan maimaita ba. Ɗakunan nan na shanya ne daga yau, da ajiyar kwakwa. Fitilar nan mai kwalabe za ka kai wa masallaci. Yaya Moidutti kai za ka kira shi da bakinka. Kuma in na sake jin kalmar baranda a gidan nan, ni zan kai ka filin jirgi a ka."

Kunjippa ya goge fuska da gefen riga. Ya jira har ya tabbata muryarsa ta dawo daidai.

"Ki sani dai," ya ce, "da ba don ƙofar nan ba, da ba abin da zai hana ni tafiya."

"Na sani. Zare sakatar, awaki ba su ci ba."